Kaset ɗin Bin Laden na 2004: shi ya kada Kerry, ko masu fassara ne?

Malam Mahamadu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Alhamis, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai waɗanda suka fi ni sanin siyasar duniya. Ina koya wa 'yan aji na ƙarshe tarjama, sai na ba su misali da kalma ɗaya da ta taɓa tayar da ƙura a Amurka. Ranar Juma'a 29 ga Oktoba 2004, saura kwana huɗu a yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin George Bush da John Kerry, tashar Aljazira ta sa kaset ɗin Usama bin Laden. Babu bindiga a gefensa, babu dutsen nan da aka saba gani a bayansa. Farin rawani ne da alkyabba, yana karanta takarda kamar shugaban ƙasa. A nan ne ya fito fili ya ce shi ya sa aka kai harin 11 ga Satumba 2001. Can ƙarshe ya ce wa Amurkawa tsaronsu ba ya hannun Kerry, ba ya hannun Bush, ba ya hannun Alƙa'ida, yana hannunsu. Sai ya rufe da cewa duk "wilaya" da ba ta taɓa tsaronsu ba, to ta tsare kanta.

Wannan "wilaya" ita ce matsalar. Yawancin masu fassara sun ɗauke ta a ƙasa. Amma wata cibiya a Washinton mai suna MEMRI ta ce a'a, jiha yake nufi, wato jihohin Amurka: jihar da ta zaɓi Bush ta kuka da kanta, wadda ta zaɓi Kerry ta kwana lafiya. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wa yake so ya ci?" Na rasa abin faɗi. Shi ne nake tambayarku.

Ɗan Ƙonni:
Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, ai biri ya yi kama da mutum. Shekara uku ana neman mutum ba a gan shi ba, sai saura kwana huɗu zaɓe ya ɓullo? Ni tun lokacin na ce mutanen Bush ne suka shirya abinsu.

Abdul-Azizu ɗalibi:
Kawu Ɗan Ƙonni, da girmanka, wanda ya amfana da abu ba lalle ne shi ya ƙulla shi ba. Alƙa'ida ba ta taɓa cewa kaset ɗin na ƙarya ne ba, alhali Usama ya rayu har 2 ga Mayu 2011 da aka kashe shi a Abotabad. Da an yi masa ƙage da ya fito ya faɗa. Abin da ya fi kusa da maganarka shi ne wanda ɗan jarida Ron Suskind ya rubuta a 2006, cewa masu nazari na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da kansu sun zauna a ranar suka ga kaset ɗin Bush zai taimaka wa, kuma suna ganin da gangan Usama ya yi. Kerry ma da bakinsa, a Janairun 2005, ya ce kaset ɗin ya cuce shi.

Illa Tamanrasat:
Malam, ni ba malami ba ne amma na yi shekara tara a Aljeriya. Can in an ce wilaya, jiha ce, ba wani kwana-kwana. Wilayar Tamanrasat, wilayar Adrar. Ƙasa kuwa "daula" suke cewa. Kuma Amurka kanta da Larabci ba "wilayat muttahida" ba ce? To mutumin da yake wa Amurkawa magana ya ce wilaya, me ya rage?

Malam Mahamadu:
Illa, ka kawo hujja mai ƙarfi, kuma ita ce hujjar MEMRI. Amma kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da 'yan rakiyarta take tafiya. A farkon jawabin ya ce in da gaske ne 'yanci suke ƙi kamar yadda Bush yake faɗa, me ya hana su kai wa Suwidin hari? Ka ga ƙasa ya ba da misali da ita. Sannan jimlar da ta gabaci "wilaya" ita ce ta cewa tsaro ba ya hannun Kerry ko Bush. Yaya mutum zai ce ba ruwansa da su biyun, numfashi ɗaya kuma ya ce ku zaɓi wane? Kuma masu irin wannan aƙida ba su yarda da iyakokin ƙasashe ba, kowace ƙasa a wurinsu yanki ce kawai. Dubi Da'ish, wato ƙungiyar IS, ai "wilayar Yammacin Afirka" ta kira reshenta na tafkin Chadi. Ni dai na fi karkata ga ƙasa, amma ba zan rantse ba.

Baba Idi:
Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a zauren nan ba, amma wannan ta taɓa ni, don ina cikin waɗanda suka yi ɓarna da kalmar nan.

A lokacin ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Tawa, ni nake fassara labaran duniya daga Faransanci zuwa Hausa. Azumi ake, tsakiyar wata. Mu ma muna cikin namu yaƙin neman zaɓen, don 16 ga Nuwamba za a yi zagayen farko, Tanja da Mahamadu Isufu da sauransu, kuma kun san yadda garin nan yake zama in ana maganar Isufu. Ga fara ta ci gonaki a arewa, gero ya fara tashi. Da safen Asabar aka miƙo mini takarda guda, an buga ta da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Na karanta, na iske "État". To Faransanci ma bai raba gardama ba, État ƙasa ce, État kuma jihar Amurka ce. Bafaranshe ya iya wucewa da abinsa a dunƙule. Bahaushe ba shi da wannan mafaka: ko ka ce ƙasa, ko ka ce jiha. Saura 'yan mintoci in shiga ɗakin watsa labarai, babu wanda zan tambaya, babu intanet a gidan.

Ban zaɓi ko ɗaya ba, abin da na yi ya fi haka muni. Na ce, "Usama ya gargaɗi Amurkawa a kan sake zaɓen Bush." Abin da nake tsammani yake nufi, shi na sa masa a baki. Bayan tarawi na biya ta wata fada kusa da babbar kasuwa, ana dafa shayi, na ji wani yaro yana rantsuwa da Allah cewa rediyo ta ce Usama ya ce a zaɓi Kerry. Wani ya ƙara da cewa ya yi alkawarin tsagaita wuta in Kerry ya ci. Ina tsaye ina ji, maganata ce ta yi 'ya'ya a cikin yini ɗaya. Ban iya buɗe baki na ce ni ne ba.

Don haka Malam, in ɗalibarka ta sake tambaya, ka ce mata akwai abin da mutumin ya faɗa, akwai kuma abin da irinmu suka ce ya faɗa, kuma na biyun ne ya isa kunnen jama'a. Mutum nawa a Amurka suka ji Larabcin? Aljazira ma wani ɓangare ta sa a daren, cikakken rubutun daga baya ya fito.

Hajiya Zainabu:
Allah shi saka da alheri Baba. Ba kowa zai faɗi wannan a bainar jama'a ba.

Lawali Yamai:
Baba Idi ya gama magana ta fuskar fassara. Ni kuma ta fuskar lissafi nake da ja. A daina cewa kaset ya kada Kerry kamar abu ne tabbatacce. Bush ya samu kashi 50.7 cikin ɗari, Kerry 48.3. A wakilan zaɓe, wato wakilan jihohi da suke tabbatar da shugaba, Bush 286, Kerry 251. Jihar Ohayo ce ta raba gardama da wakilanta 20, tazarar kuwa wajen ƙuri'a 118,000. Da aka tambayi mutane a bakin rumfunan zaɓe abin da ya fi damunsu, kashi 22 suka ce tarbiyya da ɗabi'u, 20 tattalin arziki, 19 ta'addanci, 15 yaƙin Iraƙi. A ranar nan jihohi 11, har da Ohayo, sun yi ƙuri'ar hana auren jinsi, abin da ya fito da 'yan coci ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Tun watan Agusta kuma ake ta yi wa Kerry tallan ɓatanci a kan aikin sojansa na Biyatnam. Wanda ya sha kaye dole ya nemi inda zai rataya laifi, kuma kaset ya fi sauƙin ratayawa a kan ya ce ni ne ban iya ba.

Abdul-Azizu ɗalibi:
Yaya Lawali, amma a cikin kashi 19 ɗin nan da suka ce ta'addanci, kashi 86 Bush suka zaɓa. Ke nan duk abin da zai mayar da hankalin mutane kan ta'addanci a kwana huɗun ƙarshe, ribar Bush ce. Ba sai kaset ya sauya ra'ayin kowa ba. Ya isa a ce ranar Asabar da Lahadi da Litinin ba a maganar rashin aikin yi ko gawarwakin sojoji daga Iraƙi, sai fuskar Usama a kowace tele.

Lawali Yamai:
Na yarda da rabin wannan, ƙanena. Amma fuskar nan tana iya tuna wa mutane cewa shekara uku Bush bai kama shi ba. Kerry ya yi ta faɗin cewa an bar shi ya kuɓuce a tsaunukan Tora Bora na Afganistan a Disamban 2001. Wuƙa ce mai baki biyu.

Malam Mahamadu:
Abin da ya sa nake ganin mutanen CIA ba su yi nisa da gaskiya ba, yana cikin jawabin kansa, wurin da mutane ba su cika karantawa ba. Ya yi alfahari da cewa sun kashe dala dubu 500 a harin Satumba, Amurka ta yi asarar aƙalla dala biliyan 500. Ya ce dabararsu ita ce su yi ta tatsar jinin Amurka har ta talauce, kamar yadda yake iƙirarin sun yi wa Rasha a Afganistan. Har ya ce ya ishe su su aika mutum biyu can ƙarshen gabas su ɗaga ƙyalle mai sunan Alƙa'ida, janar-janar su kwasa a guje. Mai wannan lissafi, shugaban da ya kai sojoji Iraƙi a 2003 ya fi masa amfani. Kuma ya san sarai duk wanda ya zaga, Amurkawa za su rungume shi. Ya zagi Bush iya zagi, har da yi masa gori a kan zaman da ya yi a ajin yara ana karatun labarin akuya lokacin da jirgi ya bugi bene.

Ɗan Ƙonni:
To ai maganata ce ta dawo ta wata ƙofa. Ko ba su haɗa baki ba, kowa ya ci da ɗan'uwansa.

Mariyama Abalak:
Ku bar Amurka ku dubi Sifen, a shekarar 2004 ɗin dai. 11 ga Maris aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid, mutum 191 suka mutu, 14 ga wata aka yi zaɓe, jam'iyyar Firaminista Aznar da ake ganin za ta ci ta faɗi, ɗan adawa Zapatero ya hau ya janye sojojinsu daga Iraƙi. Wannan ba shi ne ta'addanci ya juya zaɓe ba?

Lawali Yamai:
Mariyama, haka aka yi ta faɗa, har wasu a Amurka suna cewa Sifaniyawa sun miƙa wuya. Amma duba kwana ukun da ke tsakani. Gwamnati ta dage cewa 'yan ETA ne, 'yan awaren Bask, don in su ne ribarta ce, in kuwa masu iƙirarin jihadi ne za a ce shigarta yaƙin Iraƙi ce ta jawo. Alamu suna ta fitowa, ministan cikin gida yana ta nanata ETA. Ranar Asabar mutane suka kira juna da saƙon waya suka taru ƙofar ofishin jam'iyyar suna neman a faɗa musu gaskiya kafin su jefa ƙuri'a. Janye soja kuwa, Zapatero ya yi alkawarinsa tun kafin bam, kuma yawancin 'yan ƙasar dama ba su so yaƙin ba. Bam ya kashe mutane, amma fassarar da gwamnati ta so ta yi wa bam ɗin ce ta kada ta.

Baba Idi:
Ɗana Lawali, a nan muka haɗu. Ni da ministan nan laifinmu iri ɗaya ne, girman kujera ne ya bambanta.

Sani Direba:
Ni duk wannan nisa ne. Shekau fa? Shi ai ba ya bukatar tafinta, da Hausa yake zuba. Na tuna 2015 ina ɗaukar kaya zuwa Difa, yara suna tura bidiyonsa waya zuwa waya a tasha. Ya ambaci Isufu da Debi na Chadi da suna. 6 ga Fabrairu 'yan Boko Haram suka faɗa wa Boso da Difa. Ya kuma rantse ba za a yi zaɓe a Nijeriya ba.

Abdul-Azizu ɗalibi:
An kuwa ɗage shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, da hujjar tsaro. Amma Kawu Sani, dubi abin da ya biyo baya. Barno, inda aka fi shan wuyarsa, mutane suka fito har daga sansanonin gudun hijira suka yi layi. Buhari ya samu ƙuri'a 473,543 a jihar, Jonathan 25,640. Wanda ya ce kada a fito, aka fito. Sai dai akwai wani abu da ya yi kama da na Kerry. A Nuwamban 2012 wani da ya ce da yawun Boko Haram yake magana ya ambaci Buhari cikin waɗanda suke so su shiga tsakani. Buhari ya ƙi, amma 'yan adawarsa sun yi shekaru suna jifansa da wannan, har sai da bam ya tashi kusa da motarsa a Kaduna a Yulin 2014.

Sani Direba:
Ka ga in ɗan ta'adda ya ambaci sunanka da alheri, ya shafa maka kashin kaji.

Mai kula da zaure:
Jama'a, maganar tana tafiya daidai, amma wani ya turo guntun bidiyon Shekau, na goge. Don Allah kada a sake. A yi bayani da baki, kada a saka muryar mutanen nan a zaure, akwai yara a ciki, kuma kowa ya san halin da ake ciki.

Illa Tamanrasat:
Malam, na tuna wani abu. Usama ai ya taɓa ambaton Nijar.

Malam Mahamadu:
Ƙwarai. Bayan an sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumban 2010, biyar Faransawa, ya fitar da saƙon murya a Oktoba yana danganta satar da hana niƙabi a Faransa da sojojinta da ke Afganistan. Ya sake wani ranar 21 ga Janairu 2011, kwana goma kafin zaɓenmu na 31 ga wata. Ban san mutum ɗaya a Tawa da ya jefa ƙuri'a saboda wannan ba. A ƙasarmu aka yi abin, amma da Faransa yake magana, mu fili ne kawai.

Hajiya Zainabu:
Na yi shiru ina karantawa, amma bari in faɗi nawa, ku yi haƙuri in na yi tsawo.

Ku kuna maganar waɗanda ake aika wa saƙo. Amurkawa an yi musu jawabi, an ɗaura alkyabba, an zaɓi kalmomi, har suna da zarafin yin gardama a kan wilaya. Mu wa ya taɓa yi mana jawabi? Ranar 2 ga Janairu 2021, ranar da aka faɗi sakamakon zagayen farko, aka kashe mutum sama da ɗari a Comabangu da Zarumdare. Ranar 21 ga Fabrairu ina cikin masu aikin zaɓe a wani biro, wato rumfar zaɓe, a nan cikin gari. Da yamma muna zaune a kan bencin yara, mun zazzage akwati muna jera takardu, sai wayar shugaban biro ta yi ƙara. Ya saurara, ya ajiye, ya ce motar ma'aikatan hukumar zaɓe CENI ta taka nakiya a wajen Dargol, mutum bakwai sun rasu. Aikin da muke yi, shi suka fita yi. Wata yarinya da ke riƙe da fitila hannunta ya hau rawa, sai da na karɓa. Muka ci gaba da ƙirga, don babu abin da za mu yi in ba shi ba.

Bayan wata guda cif, 21 ga Maris, ranar da kotun tsarin mulki ta tabbatar da Bazum a matsayin shugaban ƙasa, 'yan bindiga suka shiga Intazayen da Bakorat da maƙwabtansu a Tiliya, jiharmu ta Tawa. Gwamnati ta ce an kashe mutum 137. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na ga matan da suka iso bayan haka. Akwai wata tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai, jikarta take fassara mini. Ba ta tambaye ni magani ba, sunayen maza huɗu take ta maimaitawa. Masana a rediyo suna cewa saƙo ne ga sabon shugaba. Wataƙila haka ne. Amma babu wanda ya tsaya gaban kyamara ya karanta mata takarda, kuma tun kafin wannan akwai ƙauyukan da suka watse, akwai inda akwati bai je ba sam. Abdul-Azizu, kai da kake son lissafi, wanda aka kora daga garinsa kafin ranar zaɓe, a wane kashi za ka sa shi?

Abdul-Azizu ɗalibi:
Ba ni da amsa, Inna. Allah shi jiƙansu.

Mariyama Abalak:
Amin. Cikin na Bakorat akwai dangin mahaifiyata.

Lawali Yamai:
Allah shi ba da haƙuri Mariyama. Hajiya, na karɓi gyara. Lissafin da na kawo na waɗanda suka isa rumfa ne.

Malam Mahamadu:
Allah shi gafarta musu. Ranar Litinin zan rubuta jimlar a allo da Larabcinta, in sa fassara biyun a ƙarƙashi, ƙasa da jiha, in bar yaran su kawo hujja daga cikin jawabin, ba daga wanda suke so ya ci ba. Baba Idi, in ka yarda ina so ka zo ka ba su labarin takardar nan da bakinka. Amma ka faɗa mini, da yau ne aka miƙo maka ita, me za ka karanta?

Baba Idi:
Zan zo in sha Allahu, ka turo yaro da babur ƙarfe tara. Abin da zan karanta shi ne: "Ya ce tsaronku ba ya hannun Kerry, ba ya hannun Bush. Ya yi amfani da wata kalma da masu fassara suka saɓa a kanta, wasu sun ce ƙasa, wasu sun ce jiha." Daga nan in wuce labarin fara, don a makon nan buhun gero ne abin da masu saurarena suke jira su ji.